Tambayi Likita: Tarin da ya ƙi jin maganin tibi, da ƙungiyar da ke son kawo gwajin huhu unguwa

Assalamu alaikum masu karatu. Tunda watan Nuwamba ya kama, wanda shi ne watan da duniya ta ware don wayar da kai kan kansar huhu, saƙonni suke ta shigo min akan wannan ciwo, sai na ga gara in tattara su wuri ɗaya. Wasu na rage musu tsawo, kuma kamar kullum ba ma saka sunan kowa.

TAMBAYA: Likita barka da aiki. Dan Allah ina cikin damuwa ne, mahaifiyarmu shekararta 61, tun bayan sallar layya ta bara take tari, muka kaita asibiti akayi hoton ƙirji akace tibi ne, gwajin kaki bai nuna komai ba amma dai akace a fara magani, ta sha na wata shida cif wallahi ko kwana ɗaya bata tsallake ba don ni nake bata da hannuna, toh amma tarin yana nan sai ma rama da take ƙara yi, ga muryarta ta dishe yanzu har jini-jini take gani a kaki. Wani ɗan uwanmu yace wai zai iya zama kansar huhu, ni kuma nace ai Mama bata taɓa shan sigari ba a rayuwarta. Me zamu yi?
Daga wata 'yar uwa a Gusau

AMSA: 'Yar uwa Allah ya ba Mama lafiya, ya saka miki da alheri kan ɗawainiyar da kike yi. Ba zan iya ce miki ga abinda ke damunta ba daga nan inda nake zaune, amma abu ɗaya zan faɗa miki ba kwana-kwana: kar ki yarda a sake ɗora ta kan wani zagayen maganin tibi na wata shida ba tare da an bincika sosai ba. Ki koma da ita cikin satin nan, ki nemi a baki takardar turawa zuwa wajen likitan ƙirji a babban asibiti.

Kinga abinda ke faruwa a ƙasar nan shi ne, tarin fuka, wato tibi, ya yi mana yawa, Najeriya ce kan gaba a Afirka wajen yawan masu ɗauke da shi, don haka duk ma'aikacin lafiyar da ya ga mutum da tari da rama da inuwa a hoton ƙirji, tunaninsa na farko tibi ne, kuma yawanci yana da gaskiya. Har ƙa'ida ta yarda a fara magani ko da gwajin kaki bai kama ƙwayar cutar ba, in dai alamu sun nuna. Matsalar tana zuwa ne a gaba. Mai tibi na gaskiya in ya fara shan magani, cikin wata ɗaya zuwa biyu za ki ga zazzaɓi ya sauka, ya fara cin abinci, jiki ya fara dawowa. In aka yi wata biyu ba wani canji to ya kamata a tsaya a sake tunani, ko dai tibi ne mai bijire wa magani, ko wani ciwon daban ne irin na fumfuna da kan zauna a huhu, ko kuma kansa. Wani lokacin ma mutum na ɗauke da biyun a tare.

Ba na manta wani dattijo tsohon direban tirela da ya taɓa shigo min da wata baƙar leda, a ciki hotunan ƙirji ne guda biyar, kowanne daga wuri daban, da katin maganin tibi guda biyu duk an cike su da maki har ƙarshe. Da na jera hotunan a jikin taga bisa kwanan wata, ko yaron da ya rako shi sai da ya ga farin tabon nan yana girma daga hoto zuwa hoto. Babu wanda ya taɓa jera su kusa da juna kafin ranar, kowa na farko yake ɗauka shi ya fara gani. Don haka ki tattara duk wata takarda da hoto da aka taɓa yi wa Mama, ko ya yi datti ko ya lanƙwashe, ki tafi da su.

A can abinda za su yi, za a sake gwajin kaki da injin GeneXpert, wannan kyauta ne a cibiyoyin tibi na gwamnati kuma yana nuna ko ƙwayar ta bijire wa magani. Sai hoton siti na ƙirji, wanda yake nuna huhu yanka-yanka ba kamar hoton da aka saba ba. In an ga ƙari to dole sai an ɗebo ɗan ƙanƙanin nama daga jikinsa an kai ɗakin gwaji, ko ta allura ko ta wani siririn bututu mai kyamara da ake zurawa ta hanci ko baki. Na san mutanenmu na tsoron wannan, ana cewa in ƙarfe ya taɓa kansa sai ta bazu. Ba haka bane. Abinda ke sa a ga kamar haka, mutum ya riga ya zo a makare ne, ciwon dama ya yi nisa. Kuma ba tare da wannan gwajin ba babu likitan da zai san wane iri ne, alhali maganin ya danganta da irin.

Batun cewa bata shan sigari kuwa, eh sigari ce babbar uwa, ita ke jawo mafi yawan kansar huhu a duniya, amma ba ita kaɗai bace. Wanda ke zaune da mai shan taba yana shaƙar hayaƙinsa, haɗarinsa na ƙaruwa da kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari. Akwai hayaƙin dizal, da ƙurar fasa dutse, da hayaƙin walda, da ƙurar asbesto da ake yin wasu rufin ɗaki da silin da shi. Akwai kuma hayaƙin girki, wanda shi ya fi shafar iyayenmu mata. A wani yanki da ake kira Shuwanwai a lardin Yunan na ƙasar Sin, mata da basu taɓa riƙe sigari ba sun riƙa kamuwa da kansar huhu fiye da kusan ko'ina a ƙasar, da aka bincika sai aka gano wani kwal ne mai hayaƙi da suke girki da shi a cikin ɗaki ba mafitar hayaƙi. Binciken da aka fitar a 2002 kan manoma sama da dubu 21 ya nuna waɗanda suka koma murhu mai bututun fitar da hayaƙi, haɗarinsu ya ragu da kamar kashi 40 cikin ɗari. Mu icce da gawayi da kara muka fi amfani da su ba kwal ba, kuma hujjar da ake da ita kan icce bata kai ta kwal ƙarfi ba, amma hukumar binciken kansa ta duniya ta sa shi a jerin abubuwan da ake kyautata zaton suna jawo ta. Ki tuna shekara nawa Mama ta yi tana hura wuta a madafi ido na hawaye.

Wani ɗan abin ƙarfafa zuciya, irin kansar da ta fi kama mata marasa shan taba, wani lokacin ana samun tana da wani canji a ƙwayar halittarta da ake kira EGFR, in aka samu haka to akwai maganin haɗiya da ake sha kullum kamar gefitinib ko osimertinib, ba sai an fara da kemo ba, wato maganin kansa mai ƙarfin nan da aka fi bayarwa ta jijiya. Suna da tsada ba zan ɓoye miki ba, amma ki tambayi likitan ko za a iya yin gwajin.

TAMBAYA: Likita ni ne sakataren ƙungiyar cigaban unguwarmu, duk shekara muna yin aikin lafiya kyauta, bara mun yi na hawan jini da suga da ido, toh bana shugabanmu ya rasu sakamakon kansar huhu sai muka ce bari mu yi wani abu don tunawa da shi, mun tara kuɗi kusan miliyan biyu kuma wani ya mana alƙawarin kawo motar ɗaukar hoton ƙirji na kwana biyu, muna so duk wanda ya haura shekara 40 a unguwa yazo a duba shi. Mun ji ana irin haka a Ingila. Wace shawara zaka bamu?
Daga wani ɗan uwa a Funtuwa

AMSA: Malam Sakatare, Allah ya jiƙan shugabanku ya sa aljanna makoma, kuma Allah ya yi wa ƙungiyar nan albarka. Zan ɗan tsawaita a nan don tambayarka ita ce ta fi muhimmanci a wurina a wannan makon, kuma amsar da zan baka ba lallai ta yi wa kwamitinku daɗi ba.

Da farko dai hoton ƙirji na eksire da kuke son kawowa baya aikin da kuke so. An gwada, ba sau ɗaya ba. A Amurka an bi mutane kusan dubu 155 na tsawon shekaru, rabi ana musu hoton ƙirji duk shekara rabi ba a yi, da aka fitar da sakamako a 2011 yawan waɗanda kansar huhu ta kashe a ɓangarorin biyu kusan ɗaya ne. Dalili kuwa, kafin ƙari ya kai girman da eksire zai gan shi, sau da yawa ya riga ya yi nisa, wani kuma yana ɓoye a bayan zuciya ko haƙarƙari. Abin tsoron ma shi ne mutum yazo ku ɗauke shi hoto a ce masa ƙalau kake, ya koma gida ya ci gaba da zuƙar sigarinsa hankali kwance, bayan wata takwas ya fara tari yace ai an duba ni.

Wanda yake aiki shi ne hoton siti mai ƙarancin tururi, wato wanda aka rage ƙarfin hasken na'urar da ke ratsa jiki. A 2011 ɗin dai wani binciken a Amurka da ya ƙunshi mutum 53,454, duk manyan mashaya sigari ko waɗanda suka daina, ya nuna siti ya rage mutuwa daga kansar huhu da kashi 20 cikin ɗari in aka kwatanta da eksire. A 2020 Holan da Beljiyam suka fitar da nasu, suka samu raguwar kashi 24 a maza. Amma ka lura da waye aka yi wa, ba kowa da kowa ba, dattawa ne da suka daɗe suna shan taba. Kuma ko a cikinsu sai an duba mutum kusan 320 kafin a ceci rai ɗaya, sannan kusan kashi ɗaya cikin huɗu na hotunan sun nuna wani abu mai tada hankali, wanda sama da kashi 95 cikin ɗari nasu daga baya aka gano ba kansa bace. To ka auna wannan da garinmu inda mutane da yawa ke yawo da tabon tsohon tibi a huhu. Za ku tada wa ɗaruruwan gidaje hankali, kowa ya shiga neman kuɗin gwaji na biyu da na uku.

Yanzu bari in baka labarin Ingilar da ka ji, don akwai darasi a ciki amma ba wanda mutane ke ɗauka ba. A birnin Mancesta ne, 2016. Likitocin ƙirji na can sun gaji da ganin marasa lafiya na zuwa musu a makare, kusan rabi sai ciwon ya kai mataki na huɗu, wato na ƙarshe, kuma sun lura mafi yawansu daga unguwannin talakawa suke, mutanen da basa son zuwa asibiti, ga kuɗin mota ga tsoro ga kunyar a ce musu ai kai ka jawo wa kanka. Sai suka ɗora injin siti a kan babbar mota suka kai shi filin ajiye motoci na kasuwannin unguwa, inda mutum dama zai zo cefane. Basu rubuta gwajin kansa a jikin motar ba, sun kira shi duba lafiyar huhu kawai. An aika wa 'yan shekara 55 zuwa 74 da suka taɓa shan taba wasiƙa, in ka zo nas ce zata fara zama da kai ta yi maka tambayoyi, ka hura iska a wani ɗan bututu, a yi maka maganar daina sigari ba tare da gori ba, sai in lissafi ya nuna kana cikin haɗari sannan a ce shiga motar da ke kusa. Mutum 2,541 suka zo, 1,384 aka yi wa siti, aka samu 42 da kansa, kuma kusan 8 cikin 10 a matakin farko-farko inda tiyata ke iya raba mutum da ita. Bambancin ba ƙarami bane, wanda aka kama tasa a mataki na ɗaya fiye da rabi suna haura shekara biyar, a mataki na huɗu kuwa kusan biyar ne cikin ɗari. Wannan ya taimaka har gwamnatinsu ta sanar a Yunin 2023 cewa za a faɗaɗa shirin zuwa duk Ingila.

Amma a bayan motar nan akwai babban asibiti da likitocin tiyatar ƙirji da masu karanta hoto da masu gasa kansa da na'ura, duk a shirye, kuma mara lafiya ko sisi baya biya. Motar ƙofa ce kawai. In ka gina ƙofa ba ɗaki a bayanta to ina mutum zai shiga? Ku da kuke Funtuwa, in kun gano mutum goma da tabo ranar Asabar, waye zai kai su asibitin koyarwa na Shika a Zariya ranar Litinin, waye zai biya siti, waye zai bi sakamakon nama in ya yi sati uku bai fito ba?

Ni a ganina nan ne miliyan biyunku za su yi aiki. Abinda ke kashe mutanenmu ba rashin duba masu lafiya bane, marasa lafiya ne da ke ɓata a hanya, daga kemis zuwa mai magani zuwa asibitin tibi zuwa gida, wata takwas wata goma, kamar Mamar 'yar uwarmu ta Gusau da ke sama. A Eldoret ta ƙasar Kenya asibitin koyarwa na Moi ya ɗauki irin wannan hanyar, suka horar da ma'aikatan lafiya na ƙauyuka da na ɗakunan tibi cewa wanda gwajinsa bai nuna tibi ba ko magani ya ƙi yi masa aiki a turo shi da wuri, kuma suka sa mutanen da aikinsu kawai bin mara lafiya ne har ya kai ga likitan da ya dace. Wannan ƙungiyar unguwa ma zata iya.

Ku zaɓi mutum uku ko huɗu masu haƙuri da sanin kan asibiti, a ciki lallai a samu mace don matan aure da tsofaffi. Ku je ku zauna da mai kula da ɗakin tibi na asibitin garinku ku ce masa ga mu, duk wanda ka ga baya samun sauƙi ka kira mu, in shi mara lafiyar ya amince. Ku zaga wajen masu kemis, don wallahi su ne asibitin farko na talaka, ku roƙe su duk wanda ya dawo sayen maganin tari karo na biyu ko na uku, ko ya haura sati biyu yana yi, su ce masa je ka gwajin kaki kyauta ne. Ku roƙi liman ya ɗan taɓo maganar bayan sallar Juma'a: tarin da ya ƙi tafiya, jini a kaki, dishewar murya da ta daɗe, ciwon ƙirji ko kafaɗa da baya sauka, rama ba dalili. Kuɗin kuma ku ajiye shi a matsayin asusun kuɗin mota da siti da gwajin nama, ku sa masa sunan marigayin in kuna so. Ba zai yi armashi a hoton Facebook kamar layin mutane a gaban mota ba, na sani, kuma wasu 'yan kwamiti za su ce ina abin nunawa.

Motar kuma kar ku kore ta. Ku karɓa amma ku canza mata aiki, ku haɗa kai da ofishin tibi na ƙaramar hukuma a yi neman masu tarin fuka da ita, don a wannan fannin eksire na aiki sosai kuma maganin na nan kyauta. Duk wanda aka ga inuwa a hotonsa kuma kakinsa bai nuna komai ba, to shi ne mutum na farko a littafinku.

Sai abu na ƙarshe da ba a so a taɓa. Dokar taba ta ƙasa ta 2015 ta hana sayar wa ɗan ƙasa da shekara 18 sigari, ta kuma hana sayar da ita kara-kara. Ka leƙa teburin bakin layinku ka gani ko ana bi. Dattawan unguwa in suka yi magana da mai tebur cikin mutunci sai ya fi jin nauyinsu akan wata doka da ke Abuja.

TAMBAYA: Likita mu fa shisha muke ɗan sha da abokai ƙarshen sati kawai, ance ruwan da ke ciki yana tace dattin, gaskiya ne?
Daga wani matashi a Kaduna

AMSA: Ƙanena ba gaskiya bane. Ruwan sanyaya hayaƙin kawai yake yi, shi ya sa kake iya zuƙa da zurfi ka daɗe baka ƙware ba. Taba ce a ciki an kwaɓa ta da zaƙi da ƙamshin tuffa, ga kuma hayaƙin gawayin da ke sama. Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2005 ta yi gargaɗin cewa a zaman awa ɗaya mutum na iya shaƙar hayaƙin da yawansa ya ninka na karan sigari ɗaya sau ɗari ko fiye. Ga bakin bututu ɗaya kuna zagayawa da shi ku shida, a garin da tibi ke yawo.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe, shekarata 58, na sha sigari kwali ɗaya a rana na tsawon shekara 25 lokacin ina aikin tuƙi, Alhamdulillah na daina shekara shida kenan tun da na dawo daga Makka. Lafiyata ƙalau bana tari. Ɗana da ke Amurka ya matsa min wai sai na je an min siti, yace zai turo kuɗin. In je ko ɓarnar kuɗi ce?
Daga wani Alhaji a Jos

AMSA: Alhaji barka da wannan ƙoƙari, daina sigari bayan shekara 25 ba ƙaramin jihadi bane, kuma shi ne babban abinda ka yi wa huhunka, don wanda ya kai shekara goma da dainawa haɗarin mutuwarsa daga kansar huhu yana sauka zuwa kusan rabin na wanda ya ci gaba.

Ɗanka ba daga kansa ya ƙirƙiro ba. Ƙa'idar da Amurka ke bi tun 2021 ita ce ɗan shekara 50 zuwa 80, wanda lissafin shan tabarsa ya kai 20, kuma yana kan sha ko bai kai shekara 15 da dainawa ba. Lissafin kuwa sauƙi gare shi, kwali nawa a rana sau shekara nawa, kwali ɗaya kara 20 kenan. Kai ɗaya sau 25, ka samu 25, ka shiga. Wanda ke shan kara goma a rana na shekara 30 shi 15 gare shi, bai kai ba. Don haka da a can kake da an kira ka.

Tunda akwai mai biya ban ce kar ka je ba, amma da sharaɗi. Kar ka wuce kai tsaye wajen masu ɗaukar hoto, ka fara ganin likitan ƙirji, asibitin koyarwa na nan Jos yana kusa da kai, shi zai rubuta cewa mai ƙarancin tururi ake so ba siti na yau da kullum ba, kuma ba a buƙatar allurar nan ta rini. Ka shirya zuciyarka cewa za a iya ganin ɗan ɗigo, mafi yawansu ba komai bane, sai dai a ce ka dawo bayan wata uku ko shida a ga ko ya girma. Kuma ka gaya wa yaron nan abin ba na sau ɗaya bane, duk shekara ake yi, ya sa shi a lissafinsa.

TAMBAYA: Likita an tabbatar babanmu yana da kansar huhu kuma ta kai ƙashi, likitoci sunce ba maganar tiyata. Mu 'ya'yansa mun yanke shawarar kar a gaya masa, muna ce masa sanyi ne ya kama masa ƙirji. Matsalar ita ce ciwo, baya barci sai nishi, an rubuta masa mofin, maganin kashe raɗaɗin nan mai ƙarfi, amma yayanmu ya hana yace wai shi ke ƙarasa mutum kuma zai zama ɗan ƙwaya. Ni dai tausayinsa ya ishe ni.
Daga wata 'yar uwa a Maraɗi

AMSA: Allah sarki 'yar uwa, Allah ya sa kaffara ne ya ba ku ladan jinya. Ki kai wa yayanku wannan shafin ya karanta da kansa.

Yaya, mofin da likita ya auna ya rubuta baya ƙarasa mutum. Abinda ya sa ake masa wannan zargi, mun saba sai mutum ya kai gargara sannan ake ba shi, in ya cika bayan kwana biyu sai a ce maganin ne. Mai ciwon kansa da ke sha don raɗaɗi bisa ƙa'ida ba kasafai yake zama ɗan ƙwaya ba, kuma bayan ciwo yana rage wannan sarƙewar numfashin da ke firgita su da dare. A Yuganda wata likita mai suna An Meriman, wadda ta taɓa aiki a Najeriya shekaru da dama, ta kafa gidan kula da irin waɗannan marasa lafiya a 1993, suna dama garin mofin da ruwa suna zubawa a gorar ruwa suna kai wa mutane har gida, daga baya a 2004 gwamnatin ƙasar ta ba nas-nas da aka horar izinin rubuta shi. Tsofaffi na sha a ɗakunansu suna sallah suna hira da jikoki.

Kuma kula da jin daɗin mara lafiya ba wai an sallama shi bane. A wani asibiti a Boston an raba mutum 151 masu kansar huhu da ta bazu gida biyu, rabi aka haɗa su da masu kula da raɗaɗi da damuwa tun daga farko, sakamakon da ya fito a 2010 ya nuna sun fi samun natsuwa, har ma sun fi daɗewa, wata 11.6 a kan 8.9. Ciwon ƙashin ma gashi na rage shi sosai, wani lokacin zama ɗaya ko 'yan kwanaki ya isa, kuma tun 2021 akwai injin gashi a cibiyar yaƙi da kansa ta Yamai, a ɓangaren Najeriya kuma akwai Sakkwato da Zariya, sai dai a kira a tabbatar injin na aiki kafin a ɗauki mara lafiya a hau hanya.

Maganar ɓoye masa kuwa, na san don ƙauna kuke yi kuma ba zan ce ku je ku zube masa komai gaba ɗaya ba. Amma a shekarun da na yi ina wannan aiki da wuya na ga dattijon da bai sani ba. Yana ganin kuna fita waje kuna ƙus-ƙus da likita, yana ganin idonki ya yi ja, shi ma sai ya yi shiru don kar ya tada muku hankali, kowa na ɓoye wa kowa. Alhali wataƙila akwai bashin da yake son a biya, akwai wasiyya, akwai ɗan uwan da suka yi shekara goma basa magana. Ki samu lokacin da ku biyu ne kawai ki ce, Baba me kake gani game da ciwon nan, akwai abinda kake so likita ya yi maka bayani? In yace ku dai ku ji da shi, shikenan ya ba ku amsa, ku bar shi. In kuma ya tambaya to kar ku ce masa sanyi ne.

A gida ku ɗaga masa bayansa da filo ya zama kamar a kishingiɗe, ku buɗe taga ko ku sa ƙaramar fanka tana hura masa fuska, yana rage jin sarƙewa. Ku daina turaren wuta a ɗakinsa, a matsar da murhu da janareta nesa. Kar a matsa masa da tuwo, ɗan kunu ko fura ko romo kaɗan-kaɗan duk lokacin da ya nema. Mofin ɗin a ba shi kan lokaci yadda aka rubuta, na ruwa yawanci duk awa huɗu ne, ba sai ciwon ya taso ya fara nishi ba, kwana biyun farko zai iya yawan gyangyaɗi ko tashin zuciya sannan ya wuce. Kuma tun ranar farko ku ce likita ya haɗa muku da maganin sa bayan gida, don mofin na ɗaure ciki kuma wannan shi baya wucewa da kansa. Kwalbar a ajiye ta a wuri mai makulli, mutum ɗaya ya riƙe mabuɗin yana rubuta lokacin da aka bayar a littafi.